Mai Saita Ƙafar Mota da Zaren Fatsa

Da hantsi motar ta shigo garejin, tana takawa sannu-sannu kamar amaryar da ake kai wa ɗaki. Ja ce, mai ƙofa biyu, irin motocin gudun nan da tsakanin cikinsu da ƙasa bai kai taƙi guda ba. Kafin ta gama tsayawa yaran unguwa sun kewaye ta, ƴan kabu-kabu sun kashe baburansu, har mai shayin tsallaken titi ya bar tukunyarsa ya leƙo. A Magarya ido ya saba da Hiace da Hilux da tsofaffin Corolla, sai amalanken shanu. Irin wannan mota kuwa a waya aka fi ganinta. Mai ita saurayi ne, ɗan garin da kasuwa ta buɗe masa a Kano, mako biyu ke nan da aka sauke masa ita daga kan tirela. Ya fito fuska a murtuke.

"Baba, ina kwana. Ga mota sabuwa, amma ta ƙi miƙewa."

"Lafiya lau, Alhaji. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Me take yi maka?"

Saurayin ya shiga zayyanawa. In ya saki sitiyari sai ta zame dama. In yana so ta miƙe, sai ya riƙe sitiyarin a karkace wajen hagu. Tayoyin baya kuma, ya duba da kyau, sun yi gwame, samansu ya kwanta ciki, ƙasansu ya buɗe. Ban da haka, da sassafe in ya murɗe sitiyari har ƙarshe zai fita daga gida, sai ya ji gaban motar yana tsalle-tsalle, ɗum, ɗum, ɗum, kamar tana taka duwatsu. Shi dai a ganinsa an cuce shi, an sayar masa da motar da ta taɓa faɗuwa.

Dattijon da ake wa wannan bayani, yaransa maigida suke ce masa, ni ma haka zan kira shi. Aikinsa gyaran ƙafar mota. Direban da ya fito daga Kano ko Babura cewa yake a yi masa alaimen, wanda ya gangaro daga Damagaram ya ce faralelis, maigida kuwa duk ya ji, saiti yake cewa. Haka garejin bakin iyaka yake: ƙarfe ɗaya, wannan ya ce tayarod, wancan ya ce biyelet, a biya da sefa ko da naira. Garejin babu rami, babu na'urar kwamfuta. Abin da ke akwai inuwar bedi, da wani daɓen siminti mai faɗin mota ɗaya wanda maigida ya tsaya a kan magini har sai da ya ga ya kwanta daidai ta kowace kusurwa, da bututun ƙarfe guda biyu, da rula, da alli, da ƙullin zaren fatsa a naɗe jikin kara.

Abin da ya fara ba ni sha'awa shi ne bai ɗauki sifana ba. Geji ya ce a miƙo masa. Ya bi tayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya tarar kowace da iskarta, duka kuma sun cika fiye da kima. Ya buɗe ƙofar direba, ya nuna wa saurayin ƴar takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, inda kamfani ya rubuta iskar da ta dace. Motar da za ta daɗe a jirgin ruwa ko a filin ajiya akan cika mata iska da gangan don kada tayar ta kwanta a wuri guda, wanda ya karɓe ta shi ke da alhakin ragewa, kuma sau da yawa ba a yi. Taya ɗaya ta gaba in ta fi ƴar'uwarta laushi, ita kaɗai ta isa ta ja mota gefenta. Direbobi nawa ne suka biya kuɗin saiti alhali ciwonsu na mai faci ne?

Daga nan ya sa aka ɗaga gaban da jak, ya kama taya da hannu biyu ta gefe da gefe ya girgiza, ya sake kamawa ta sama da ƙasa. Yana neman lilo ne a mahaɗar ƙarafa da robobin da ke tsakaninsu. Dalilinsa a fili yake: ƙafar da ke kaɗawa ba ta riƙe saiti, ko ka auna ta sau goma, da ta taka rami na farko ta koma gidan jiya. A tsohuwar motar haya nan ne ake samun rabin matsalar. A wannan jar motar komai ya ji shi gam.

Sai ya durƙusa ya fara shafa tayoyin da tafin hannu, daga ciki zuwa waje, daga waje zuwa ciki, idonsa yana kallon wani wuri daban. Na sha ganin yana wannan, kuma har yau ban daina mamaki ba. Taya ba ta ɓoye abin da ya same ta. Wadda ta cinye a tsakiya, iska ce ta yi mata yawa. Wadda ta cinye kafaɗa biyu ta bar tsakiya, iska ce ta yi mata kaɗan. In ta yi kwari-kwari jefi-jefi, a tuhumi shokazoba ko rashin daidaiton nauyin wili. In kafaɗa ɗaya ta siɗe sumul, tayar ta kwanta ne fiye da yadda ya kamata. Amma akwai wani cin da ido ba ya kamawa da wuri, sai hannu: ka shafa ta nan ka ji santsi, ka dawo ta can ka ji kaifi kamar haƙoran zarto. Wannan alama ce ana jan tayar ne a karkace, tana birgima gaba tana gurzar ƙasa ta gefe. A tayoyi uku hannun maigida ya wuce bai tsaya ba. A ta huɗu, ta baya ta dama, ya tsaya, ya sake shafawa, ya ce, "Ga mai laifin nan."

Saurayin ya ce, "Baba, ai sitiyari ne ya karkace. Gaba za ka duba."

"Za mu je gaban, Alhaji. Amma ruwa ba ya tsami banza."

Don a gane abin da dattijon ya ji da hannunsa, sai an san cewa tayar mota ba a tsaye ƙyam take ba, kuma ba a so ta zama haka. Injiniyoyi sun karkata ta ta fuska uku, kowace da manufarta, kowace kuma ƴar mitsitsiya ce, ido ba ya cika kama ta.

Ta farko ita ce wadda ta fi cin taya. Ka tsaya ka dubi ƙafafunka daga sama: ko dai yatsun sun fuskanci gaba sak, ko sun tsuke ciki, ko sun buɗe waje. Haka tayoyi biyu na layi ɗaya suke. Yawancin motoci ana ba su ƴar tsukewa kaɗan ko a bar su sak, bambancin kuma bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Mutum zai ce milimita me za ta yi wa mota mai nauyin tan ɗaya da rabi? To ga lissafi, kowa ya iya yi da alli a ƙasa. Wili mai inci 18 faɗinsa kimanin milimita 457 ne. In bakinsa na gaba ya kauce da milimita 3 a kan na baya, to a kowane kilomita guda da motar ta ci, akwai gurza ta gefe ta kusan mita 6 da rabi da robar za ta sha. Daga Damagaram zuwa Magarya ta hanyar Bande, kimanin kilomita 90 a kan RN11, gurzar ta doshi mita 600. Ka ɗauki taya ka ja ta a kwance a kan kwalta mai zafi tsawon mita 600, ka maimaita kullum, ka ga kwana nawa za ta yi. Wannan ne ya sa direban haya zai sa sabuwar taya bayan sallah ƙarama, kafin babbar sallah waya ta fito, ya yi ta tsine wa mai shagon da ya sayar masa.

Ta biyu ita ce kwanciyar taya in ka dube ta daga gaba ko daga baya, wato gwamen da ya tayar wa saurayin nan hankali. Ta uku kuwa duk mai babur ya san ta ko bai san sunanta ba. Ƙafar gaban babur ba a miƙe take ba, samanta ya jingina baya wajen mai tuƙi, shi ya sa in yana gudu kan ke miƙewa da kansa. Mota ma an yi wa madogarar tayoyinta na gaba wannan jingina, ita ce ke dawo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. In ta gefe ɗaya ta gaza ta ɗayan, mota takan ja wajen da ya gaza.

Akwai kuma abin da ba a cika tunawa da shi ba, shi ne cewa bayan mota ma yana tuƙi. Duk wanda ya taɓa bin bayan babbar mota mai lodin buhuna a hanyar Matamai ya ga irin wadda ke tafiya a kaikaice, gindinta ya fita gefe, kana iya hango tayarta ta gaba ta gefe ɗaya. Galibi kusar tsakiyar sifirin ce ta karye, ƙafar baya ta goce. In tayoyin baya suka fuskanci hagu, gindin motar hagu zai nufa, hancinta ya juya dama, direba kuma dole ya karkata sitiyari hagu don ya tsaya a kan hanya. Abin da jar motar ke yi ke nan, daidai da yadda mai ita ya faɗa. Bakaniken gaggawa da ya ji wannan ƙorafi, murɗa ƙarafan gaba zai yi har sitiyari ya miƙe, ko ma ya cire sitiyarin ya sake zaunar da shi. Mai mota ya tafi yana murna, tayar baya tana ci gaba da cin kanta. A ganina wannan ha'inci ne, ko da mai yin sa bai sani ba.

Maigida ya shiga ƙarƙashin bayan motar da tocila. Bai daɗe ba ya kira saurayin ya kwanta kusa da shi, da farar shaddarsa da komai. Ya haska masa wani siririn ƙarfe da ke riƙe da saitin tayar, ya nuna masa inda fenti ya kankare, ga sawun ƙugiya, ga ɗan lanƙwasa da sai ka kwatanta da na ɗaya gefen za ka gane. Motar ba ta faɗi ba. Masu lodi ne suka maƙala sarƙa a inda bai kamata ba, suka ɗaure ta tamau, ta yi tafiyar kwanaki tana girgiza a kan tirela.

Ba abin mamaki ba ne in aka dubi hanyar da mota ke bi kafin ta iso nan. Daga Turai ko Amurka ko Dubai sai jirgin ruwa, a sauke ta a Kwatano ko Lome ko Legas, daga nan tirela ko tuƙi na ɗaruruwan kilomita. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kayan Nijar da yawa sai sun zagaya ta Togo da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, hannuwan da ke taɓa mota suka ƙaru. Ko a ƙasashen da ake ƙera motocin ma, sabuwar motar gudu takan fito daga masana'anta da wasu ƴan robobi da aka cusa a sifirin ɗinta don kada ta dinga sunkuyawa tana bugun ƙasa wajen lodi. Dillali ne zai cire su kafin ya miƙa makulli, kuma akan manta. Mai mota ya yi ta kukan cewa ta yi tauri kamar amalanke, tsayinta ya canza, saitinta ya tafi, alhali roba ce ta ƴan kuɗi kaɗan. Maigida bai taɓa zuwa Jamus ba, amma na ga ya zura hannu ya laluba sifirin ɗin nan huɗu kafin ya fito.

Saurayin ya ce a gasa ƙarfen a miƙe shi. Maigida ya ƙi. Ya ce a tsohuwar Fijo 504 ya sha gasa ƙarfe ya buga shi ya koma, amma wannan siriri ne, kuma maƙwabtansa na alminiyam ne. Abin da ya lanƙwashe aka tilasta shi ya miƙe, wata rana zai karye ba sallama, kuma mota irin wannan ba a tafiyar hawainiya za ta karye ba. Babban yaronsa ya ɗauki hoton ƙarfen da lambar da ke jikinsa, ya tura ta WhatsApp ga wani mai shago a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Bayan kwana uku aka ba wa wani direba saƙon ya taho da shi ta Babura da Tinkim.

Ranar da aka ɗaura sabon ƙarfen ne na ga aikin zaren daga farko har ƙarshe. An turo motar kan daɓen siminti, aka ja ta baya aka sake turo ta gaba, aka danna ta sau biyu-uku don ƙafafun su zauna yadda suke a kan hanya, domin motar da aka sauke daga jak a ɗage take, awonta ƙarya ne. Ƙarƙashin kowace taya an shimfiɗa faranti biyu na ƙarfe da giris a tsakaninsu, yadda in an murɗa saiti tayar za ta juya ba tare da ƙasa ta riƙe ta ba. An miƙe sitiyari aka ɗaure shi. An zaunar da yaro ɗaya a kujerar direba, aka ce kada ya motsa. Na ɗauka wasa ne, ashe wasu kamfanonin Jamus ma sun rubuta a littafinsu cewa sai an ɗora nauyi a kujeru kafin a auna motocinsu.

Bututun nan biyu, ɗaya aka gitta a gaban motar, ɗaya a baya, kowanne a kan bulo, daidai tsayin cibiyar taya. A jikinsu akwai tsaga da aka yi da zarto, kuma an haɗa su wuri ɗaya ne aka tsaga, don haka tazarar tsagar gaba da ta baya ɗaya ce babu ko gashi. Aka ja zaren fatsa daga gaba zuwa baya ta hagu da ta dama, aka ɗaura wa kowane bakinsa tsohon noti don ya miƙe. Yanzu motar tana cikin akwatin zare mai gefe biyu da ba za su taɓa haɗuwa ba. Saura a sa ta a tsakiyarsa, kuma a nan haƙuri ke aiki. Maigida ya auna daga zare zuwa cibiyar tayar gaba ta hagu, ya zagaya ya auna ta dama, ya ɗan gusa bututun, ya koma baya ya yi haka, ya dawo gaba ya tarar gusawar baya ta taɓa na gaba, ya sake. Ya zagaya motar nan ya fi sau goma. Masu koyo da yawa gajerar hanya suke bi, su ɗaura zare ya shafi tayar baya su miƙo shi gaba. Sun manta cewa faɗin ƙafar gaba da na baya ba ɗaya ba ne a yawancin motoci, balle wannan da tayoyinta na baya suka fi na gaba faɗi, sun kuma manta cewa tayar bayan da suka dogara da ita tana iya zama ita ce karkatacciyar.

Da akwatin ya zauna, sai awo. Rula daga zare zuwa bakin wili ta gaba, a rubuta da alli a ƙasa. Rula daga zare zuwa bakin wili ta baya, a rubuta. Bambancin lambobin nan biyu shi ne saitin tayar. Ba ya aunawa a jikin roba, domin roba tana da kumburi da rubutu. Kuma bai yarda da wilin ma ba sai da ya sa alama da alli, aka tura motar tayar ta yi rabin juyi, ya sake aunawa, don in wilin ya taɓa bugun rami ya lanƙwashe, lambar za ta canza ta tona asirinsa. Iska ta ɗan taso zaren ya fara rawa, ya dakata ya sha ruwa har ta lafa.

Lambobin da kamfani ya ƙayyade kuwa, yaron nan mai waya ne ya nemo su a intanet, a digiri da minti suke, ya mayar da su milimita a bayan kwalin sigari. Na lura maigida bai ji kunyar tambayarsa ba, yaron kuma bai ɗaga kai ba. Daga baya aka fara, aka murɗa kusar saiti har tayoyin biyu suka tsuke daidai wa daida, sannan aka dawo gaba. Ya sassauta notin tayarod, ya saki bakin robar da ke rufe da shi don kada ta murɗe ta yage, ya juya kwata, ya auna, ya juya rabin kwata, ya auna. Da ya ɗaure notin sai ya sake aunawa, saboda ɗaurewar kanta takan ja saiti.

Wanda bai sani ba zai ce wannan dabarar talauci ce, ta wanda bai da kuɗin na'ura. Akwai gaskiya kaɗan a ciki. Na'urorin da ake gani a manyan garejin Kano da Yamai, masu kyamara da allon kwamfuta, irin waɗanda kamfanin Hunter na Amurka da aka kafa a 1946 ya yi suna da su, suna ba da awon tayoyi huɗu cikin ƴan mintuna, su buga maka takarda. Amma a filayen tseren motoci na Turai da Amurka, inda kuɗi ba shi ne matsala ba, har gobe za ka ga makanikai sun kewaye mota da zare suna durƙuso da rula. Zaren da aka ja ya miƙe ba ya buƙatar wuta, ba ya kuma gocewa, na'ura kuwa in an daɗe ba a daidaita ta ba, ko aka ba wa wanda bai damu ba, ƙarya za ta buga a takarda mai kyau. Maigida ya san iyakar zarensa. Jinginar nan ta uku da wuya a aune ta sosai da kayan da yake da su, kuma motocin zamani suna da ƴar na'ura a wuyan sitiyari da ke gaya wa kwamfutar mota inda tsakiya yake, wani lokaci sai an sake sanar da ita bayan saiti. Ya gaya wa saurayin in ya koma Kano ya sa a duba masa waɗannan biyun.

Saura gwame da tsalle-tsallen safe, kuma a nan ne na ƙara ganin girman mutumin. Ya rataya zare mai dalma irin na magina a gefen tayar baya, ya auna sama ya auna ƙasa. A wili mai inci 18, kowane digiri guda kimanin milimita 8 ne. Ya auna hagu, ya auna dama, suka zo ɗaya, kuma suka dace da abin da ke cikin waya. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Wannan ba ciwo ba ne, Alhaji. Halinta ne."

Motar gudu da gangan ake kwantar da saman tayoyinta ciki, digiri 1 ko 2, domin in ta shiga kwana da ƙarfi nauyi yakan koma tayar waje, jikin motar ya jingina, a lokacin ne tayar ke shimfiɗa tafinta gaba ɗaya a kan kwalta ta kama. Farashin abin shi ne kafaɗar ciki takan riga ta waje cinyewa. Mai son ya miƙar da ita don ta yi kyan gani, ya rage mata riƙo ne a wurin da ta fi buƙatarsa.

Tsallen kuma tsohon zance ne, ya girmi mota kanta. Shanun huɗa in sun kai ƙarshen kunya za su juya, na ciki taƙaita taku yake, na waje ya zagaya da faɗi. Tayoyin gaba ma haka, ta ciki dole ta fi ta waje murɗewa. Wani maƙerin keken doki a birnin Munik, Georg Lankensperger, shi ya tsara haɗin ƙarafan da ke yin wannan, Rudolph Ackermann ya yi masa rajista a Ingila a 1818, sunan Ackermann ɗin ne kuma ya bi abin har yau. Masu ƙera motocin gudu sukan rage wannan bambanci, don sun fi damuwa da yadda mota za ta yi a kwana da gudu fiye da yadda za ta fita daga zaure. Saboda haka in an murɗe sitiyari har ƙarshe ana tafiya a hankali, faffaɗar tayar nan mai gajeren gefe ba ta da inda za ta lanƙwasa, sai ta riƙe ta saki, ta riƙe ta saki, musamman da sanyin safiya lokacin hunturu da roba ke tauri. Maigida bai san sunan Lankensperger ba, da shanun ya yi masa bayani, ya ce ya rage murɗawa kaɗan zai ji ta daina.

Saurayin bai so haka ba. Ya zo ne a gyara masa abu huɗu, ga shi an gyara biyu an ce biyu haka Allah ya yi su. Ya ce zai ƙara kuɗi. Na san garejin da za a karɓi kuɗin nan a kwance ƙafar a yi ta murɗe-murɗe har motar ta lalace. Maigida dariya ya yi, ya ce a shiga a gwada.

Suka hau kwalta wajen hanyar Bande, ni ina tsaye ina jira, don kujera biyu ce. Da suka dawo fuskar saurayin ta sake. Ya ce sitiyari ya miƙe, sai dai in ya saki hannu na ɗan lokaci har yanzu tana ɗan gangarawa dama. Maigida ya ce ya sani, shi ya sa ya sa shi ya hau tsakiyar titi da babu kowa, ya ga a can ba ta yi. Titi ana gina shi da doro a tsakiya don ruwan sama ya gangara gefe, mu kuma a Nijar dama muke bi, Najeriya ma ta koma dama tun 1972, don haka kowace mota mai lafiya za ta ɗan nemi gefen dama a hankali. Faffaɗar taya kuma ta fi kowace bin sawun da manyan motoci suka kwarara a kwalta.

Wajen biyan kuɗi ne saurayin ya ce jibi yana so ya je Dungas gaida kakarsa, daga can ya leƙa wani ƙauye a wajen Dogo-Dogo. Dungas ɗin da ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bayan an cire ta daga Magarya, ƙauyukanta da yawa sai ka sauka daga babbar hanya ka bi burji mai gargada ko yashi mai zurfi, inda Hilux ma sai ta rage iska. Maigida ya dubi cikin motar, ya dubi ƙasa, ya auna tsakaninsu da yatsu.

"Alhaji, ka bar ta a gida ka ari ta yayanka. Rami ɗaya ya isa ya mayar da mu inda muka fara."

Saurayin ya ce zai yi tunani. Ya ja motarsa a hankali, ya hau tudun rage gudun bakin tasha a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, yara suna binsa da gudu. Kafin ƙurarsa ta kwanta an turo wata Hiace kan daɓen, direbanta yana rantsuwa cewa tayar da ya saya wata biyu da suka wuce ta cinye ta ciki, ga shi gobe Alhamis yana da lodin awaki zuwa kasuwar Maigatari. Yaron da ke naɗe zaren ya tsaya, ya fara warware shi. Maigida ya ce a miƙo masa geji.